Wankin haƙori mai zurfi: magani ne ko hanyar cin kuɗi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Dasashina ya daɗe yana jini, duk sanda na goge baki sai na tofar da jini, ko rake na sha sai in ga ja a jikin ɓawon. Na je asibitin haƙori da niyyar wankin nan da kowa ya sani. Likitan ya ɗauko wani siririn ƙarfe yana sakawa tsakanin haƙori da dasashi yana kiran lambobi, mai taimaka masa tana rubutawa. Da ya gama sai ya ce wankin da na zo nema ba zai ishe ni ba, sai an yi min mai zurfi, wanda ake shiga ƙarƙashin dasashi, har da allura, kuma ba a zama ɗaya ba. Kuɗin ma ya ninka. Maigidana ya ce in dakata tukuna. Akwai wanda aka taɓa yi wa?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Hajiya, riƙe kuɗinki. Gwaggona haƙoranta lafiya lau suke a jere, aka ce mata ta je wanki. Tana dawowa sai ga giɓi tsakanin na gaba na ƙasa, suna ta girgiɗi, ruwan randa ma ba ta iya sha. Kafin shekara ta zagayo an cire mata wasu. Gani ya kori ji.

Hajiya Babba: Haka muke ji tun muna yara, wankin asibiti yana kwance haƙori. Ni gawayi da gishiri na tashi da su, ga goro, har yau da haƙorana nake cin nama.

Uwar Biyu: Hajiya, naman dai ko dambu? 😄

Hajiya Babba: Ke dai ja'ira ce. Kilishi ma ina ci.

Dakta (likitar haƙori): Wa alaikumus salam. Maman Hanif, kafin a yi nisa, kin riƙe lambobin da ya kira? Su ne amsar tambayarki, ba ra'ayina ko na maigidanki ba.

Maman Hanif: Na ji yana cewa biyu, uku a na gaba. Da ya je turame sai na ji biyar, shida, har bakwai a wani wuri. Ya kuma ɗauki hoton haƙoran.

Dakta (likitar haƙori): To madalla, wannan likita ya bi hanya. Ƙarfen nan ma'auni ne, a jikinsa akwai zane-zanen milimita. Dasashi ba a manne yake da haƙori tun daga bakinsa ba, akwai ɗan rami da ya zagaye kowane haƙori. Ga mai lafiya zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne, kuma ba ya jini idan an taɓa. Daga 4 zuwa sama, musamman in yana jini, alama ce cewa naman da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara saki. Ana auna wuri shida a kowane haƙori, shi ya sa kika ji lambobin sun yi yawa.

Yadda abin yake faruwa shi ne, farin dattin nan mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. In ba a cire shi ba, sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da shi ya yi tauri, shi ne mutane ke kira tsatsar haƙori. Da zarar ya kai nan, babu buroshi ko aswakin da zai ɓamɓare shi. Ya fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turamen sama, don nan ne bakin hanyoyin yawu suke. Matakin farko dasashi ne kawai ke kumbura yana jini, wannan wankin da aka saba ya ishe shi, kuma yana warkewa sarai. Mataki na biyu shi ne tsatsar ta gangara ƙarƙashin dasashi ta manne a saiwa, jiki ya yi ta yaƙi da ƙwayoyin cutar, a garin yaƙin ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa zaizayewa. Shida da bakwai a turame, mataki na biyu ke nan. A goge saman haƙori ya yi fari a bar na ƙasan, ba a yi komai ba.

Ɗan Kurmi: Dakta, da girmanki, amma ba ki amsa maganar gwaggona ba. Kafin wanki ba giɓi, bayan wanki ga giɓi. Wa ya kawo shi?

Dakta (likitar haƙori): Malam Ɗan Kurmi, ban ga bakin gwaggo ba, amma irin labarinta muna gani kullum. Giɓin yana nan tun kafin ta zo, tsatsa ce ta cike shi. Akwai waɗanda za ka tarar haƙoransu na gaba na ƙasa duk tsatsa ta haɗe su wuri guda ta baya, kamar katangar da ruwa ya cinye gindinta sai yaɓe ke riƙe da ita. Ka ɗebe yaɓen sai ka ga abin da ruwa ya riga ya yi. Ga kuma dasashin da ke a kumbure, in ya samu lafiya kumburin ya sace, sai ya ja baya, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, ƙofofi su bayyana a tsakani. Tsamin da take ji da ruwan sanyi kuwa, saiwa ce da ta fito fili, ita ba ta da ƙaƙƙarfan ɓawon da saman haƙori ke da shi. Yawanci yana raguwa cikin 'yan makonni. Haƙoran da aka cire mata, mafi kusa shi ne ƙashinsu ya riga ya tafi, da an wanke da ba a wanke ba za su fita.

Ɗan Kurmi: To ai gara a bar yaɓen ya ci gaba da riƙewa.

Dakta (likitar haƙori): Shi ne kuma yake cin ƙashin a lokaci guda. Riƙon nasa na ɗan lokaci ne, kuma yana haɗawa da na maƙwabta.

Malam Na-Tudu: Ni abin da ke ɗaure min kai, iyayenmu da kakanninmu ba su san asibitin haƙori ba, aswaki kawai, kuma sunna ce. Yanzu an kawo mana buroshi da man goge baki kala-kala, sai ga ciwon ya fi yawa.

Baban Sadik: Malam, a yi adalci. Kakanninmu nawa ne suka kai saba'in da haƙoransu? A ƙauyenmu tsoho mai giɓi ba abin kallo ba ne, cewa ake tsufa ne. Ashe wani ba tsufan ba ne.

Dakta (likitar haƙori): Malam Na-Tudu, ni ban taɓa hana kowa aswaki ba. Wanda ya iya shi, yana bin haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, yana yanke bakin da ya tsufa, yana cire dattin nan mai laushi sosai. Matsalar ita ce da yawa a baki kawai suke rataye shi suna hira, na gaba kaɗai ke samu, bayan turame da ɓangaren harshe ba a taɓa su. Kuma da aswaki da buroshi duk ba sa shiga ramin milimita shida. Batun yawan ciwon kuma, ba namu ne mu kaɗai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya suna da ciwon dasashi mai tsanani, sama da mutum biliyan 1 ke nan. Har a ƙasashen da kowace unguwa da likitan haƙori.

Anti Nas: Bari in ba ku nawa, tunda an yi min. Ɓangare-ɓangare aka yi, dama wata rana, hagu wata rana. Allurar ce kawai na ji, ita ma tsinin farko, daga nan leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Akwai wani inji mai ƙara yana feshin ruwa, ƙarar ta fi aikin ban tsoro. Bayansa likitar ta ɗauki ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa tana kankarar saiwar a hankali, kana jin ƙurus-ƙurus a cikin kai amma ba zafi. Abin da ya ba ni mamaki, ɓarɓashin da ke fitowa daga ƙasa baƙi ne, ba ruwan ɗorawa irin na sama ba. Da allurar ta sake dasashin ya yi tsami, na sha farasitamol, na koma kunu da fate na ɗan lokaci. Abin da ya fi min daɗi, warin bakin da nake ta fama da shi da kanumfari da cingam ya tafi. Maigidana ne ya fara faɗa, shi da bai taɓa cewa akwai warin ba.

Uwar Biyu: Allah sarki, mai kawaici.

Dakta (likitar haƙori): Baƙin nan jini ne ya rina shi, Anti. Tsatsar ƙarƙashin dasashi haka take.

Amma bari in tsaya wa Ɗan Kurmi a wani wuri, don zarginsa ba duka ne banza ba. Wankin mai zurfi ba na kowa ba ne. Idan ramin bai wuce milimita 3 ba aka shiga ana kankarar saiwa, ɓarna ake yi, don naman da ke manne lafiya ake sakewa. Don haka duk wanda ya leƙa bakinka da madubi kawai, bai auna ba, bai ɗauki hoto ba, ya ce sai an yi maka mai zurfi a duk baki, kana da haƙƙin ka ce a nuna maka lambobin. Ba rashin kunya ba ne. In ranka bai kwanta ba, je wani wuri a sake aunawa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen haƙori. Layi ne dai sai haƙuri.

Ɗan Kurmi: Yauwa. Ashe dai akwai masu yi don kuɗi.

Baban Sadik: Kamar yadda a Kurmi ma akwai masu sayar da jabu, ba a rufe kasuwar ba.

Ɗan Kurmi: Baban Sadik, ka taɓo inda ba a taɓawa 😂

Shugaban Zaure: A dawo kan batu, jama'a.

Baban Sadik: To ga tambayata. Ina da ciwon sukari. Likitan da ke duba ni ne da kansa ya tura ni wajen masu haƙori, na yi ta mamakin me ya haɗa sukari da dasashi.

Dakta (likitar haƙori): Likitanka ya kyauta, Baba. Abu biyun suna ciyar da juna. Sukari in ya yi sama, jiki ba ya iya yaƙi da ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, ciwon dasashi ya yi saurin ci, rauni ya yi jinkirin warkewa. Shi kuma kumburin da ke zaune a dasashi kullum yana ƙara wahalar saita sukarin. A 2022 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike-binciken da aka yi a kan wannan, ta ga cewa masu sukarin da aka yi wa maganin dasashi, gwajin nan na sukarin wata uku ya sauka da kimanin maki 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Ba zai maye gurbin maganinka ba, amma ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da za ka je, ka karya kumallo ka sha maganinka kamar kullum, ka nemi layin safe, kar ka zauna da yunwa.

Tunda an zo nan, masu hawan jini ma su saurara. Amlodifin da nifedifin suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori, haka fenitoyin na masu farfaɗiya. Kar wanda ya daina shan magani don ya karanta wannan, a gaya wa likita ne, wani lokacin akan canza. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ko asfirin kullum, da wanda aka sa wa bawul ɗin zuciya na roba ko ƙarfe, dole ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Uwar Biyu: Dakta, ni kuma ina da juna biyu, tun da cikin ya shiga dasashina ke jini. Surukata ta ce ba a taɓa haƙorin mai ciki, wai kowane ɗa da haƙorin da yake tafiya da shi.

Hajiya Babba: Gaskiyar surukarki. Kowace haihuwa haƙori guda.

Dakta (likitar haƙori): Hajiya, a gafarce ni, jariri ba ya zuƙe komai daga haƙorin uwa. Abin da ke faruwa, sauyin jiki na ciki yana sa dasashi ya yi saurin kumbura ko da ɗan datti kaɗan ne, ga laulayi da amai suna hana mace goge baki da kyau, ga kwaɗayin zaƙi. In an jera haihuwa ba a duba bakin ba, sai haƙori ya tafi a ce ɗa ne ya ɗauka. Uwar Biyu, ana wanke wa mai ciki haƙori, allurar kashe wurin ma ba ta da laifi. An fi so a tsakiyar ciki, wata na huɗu zuwa na shida, laulayi ya lafa, kwanciya a kujerar kuma bai yi wuya ba tukuna. Ki dai gaya musu watannin cikinki. In kin yi amai kar ki goge nan take, kurkure da ruwa ki ɗan jira.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. A nan akwai masu yawo a kasuwa da wani ruwa a kwalba, su shafa maka a haƙori nan take ya yi fari fat. Arha ne kuma ba allura.

Dakta (likitar haƙori): Ka guje shi, ɗan'uwa. Ruwan da zai faranta haƙori cikin minti ɗaya yawanci asid ne, ɓawon haƙorin yake narkarwa, kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa. Tsatsar ƙarƙashin dasashi kuma tana nan inda take. Ga maganar ƙarfen da aka sa a bakin wani aka sa a naka. Wankin dasashi aiki ne mai jini, ciwon hanta nau'in B kuma ta jini yake bi. Ko a asibiti ne, duba ka gani ko a gabanka aka ɓare kayan daga ledar da aka turara su.

Malam Na-Tudu: To in ƙwayoyin cuta ne, me zai hana a sha Flagyl da amoksisilin a huta? Wani mai kemis a layinmu haka yake ba mutane, kuma jinin yana tsayawa.

Dakta (likitar haƙori): Yana lafawa ne, Malam, ya dawo. Ƙwayoyin cutar a dunƙule suke cikin wani yauƙi da ke manne a tsatsa, magani ba ya ratsa su sosai sai an kankare. Akwai lokacin da mukan haɗa da ƙwayoyi, misali matashi da ciwon ke cin ƙashinsa da sauri, ko ƙurji ya taru da zazzaɓi, amma bayan kankara ne ko tare da ita. Yawancin mutane ba sa buƙata. Shan su barkatai kuma shi ke sa ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki.

Tsayawar jini ma ba kullum ne alamar lafiya ba. Masu shan taba dasashinsu ba ya cika jini, don sigari tana tsuke ƙananan hanyoyin jini, alhali a ƙasa ciwon ya fi na kowa ci. Kuma su ne aikin ya fi ƙin karɓa.

Anti Nas: Akwai abin da ba a faɗa ba. Ba a gamawa a tafi ke nan. Ni an ce in dawo a sake aunawa, kuma tun daga nan nake komawa a kai a kai. Wata ƙawata da muka yi kusan lokaci ɗaya ba ta koma ba, yanzu tana cewa aikin bai yi ba.

Dakta (likitar haƙori): Wannan shi ne rabin maganin da mutane ke yarwa. Bayan mako shida zuwa takwas ana sake aunawa. Ramukan biyar da dama sukan koma uku ko huɗu su daina jini. Na bakwai, musamman a turmi mai saiwa biyu ko uku, yana iya ƙin rufewa, a nan ne ake maganar ƙaramar tiyata, a ɗaga dasashin a wanke ana gani a ɗinke. Ƙashin da ya tafi galibi ba ya dawowa, abin da ake nema shi ne a tsayar da zaizayar inda ta kai. Daga nan mai wannan ciwo yana komawa duk wata uku ko huɗu, ba shekara-shekara ba. A gida kuma buroshi mai laushi sau biyu a rana, a karkata shi zuwa gindin haƙori, sannan a share tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan siririn buroshin da aka yi don haka. Tsinken tsintsiya da ashana su bar bakin nan.

Maman Hanif: Ya kuma rubuta min wani ruwan kurkure baki, wai kuloheksidin. In fara tun yanzu?

Dakta (likitar haƙori): Bi yadda ya rubuta. Yawanci na mako ɗaya zuwa biyu ne, lokacin da dasashi ke tsami ba a iya gogewa sosai. In aka zarce da shi yana rina haƙori da harshe su yi ruwan ƙasa, yana kuma canza ɗanɗanon abinci. Kar ki kurkura da shi daf da goge baki, ki ba da tazarar kamar rabin awa. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ma yana taimakawa.

Baban Sadik: Jikana ɗan shekara huɗu ma dasashinsa na jini, bakinsa na wari. Shi ma wankin ne?

Dakta (likitar haƙori): A'a Baba, na yaro daban ne, kuma kar a jira. Yawanci datti ne kawai, amma in yaro ya rame, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, sai ga dasashi na gyambo da wari mai ƙarfi, a kai shi asibiti a ranar. Haka cutar noma mai cin fuskar yara take farawa, cikin 'yan kwanaki take huda kunci, alhali a matakin dasashi ƙwayoyi da tsafta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti guda a Sakkwato da aka keɓe don ita, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ba tsoratar da kai nake ba, a dai duba shi gobe.

Baban Sadik: In sha Allah da safe uwarsa za ta kai shi. Na gode.

Ɗan Kurmi: Ni dai har yanzu ƙarfe ba zai shiga bakina ba. Amma ma'aunin nan, shi ma kuɗi ne mai yawa?

Dakta (likitar haƙori): Yana cikin kuɗin ganin likita. Sai dai shi ma ƙarfe ne, Malam.

Hajiya Babba: Dakta, in mutum ya yi wankin nan, sai ya bar goro?

Dakta (likitar haƙori): A kwanakin farko dai a ɗaga masa ƙafa, Hajiya, don ɓarɓashinsa na shiga ramin da ke warkewa. Bayan nan jan zai dawo a hankali, amma rini ne a sama, ana goge shi duk zuwa. A dai kurkure baki bayan an ci, a share tsakanin haƙora kafin a kwanta.

Hajiya Babba: To da sauƙi. Uwar Biyu, in za ki je ki biyo ta gidana, a auna min nawa in ji lambobin. Goro kam ba da ni za a bari ba.